Ciwo mai daɗewa da damuwar zuciya: tare suke zuwa, tare ake maganinsu



Bara da rani, ina zagayen makarantun yaƙi da jahilci na gundumar Mayahi, na isa wani ƙauye a karkarar Kanembakashe. Da na duba littafin kira, sai na ga wani ɗalibi ya yi wata biyu bai zo aji ba. Magidanci ne mai kimanin shekara 50, kuma ya fi kowa iya lissafi a ajin. Na tambayi malaminsu dalili. Ya ce mini: "Baya ke damunsa tun da ya faɗo daga kan amalanke, yau shekara biyu ke nan. Yanzu ko ƙofar gida ba ya fita."

Muka tafi gaishe shi. Muka same shi kwance a rumfa, ya juya fuska wajen darni. Na ce: "Maigida, yaya ƙarfin jiki?" Ya ce: "Da sauƙi, Malam." Sai da muka daɗe zaune, sannan ya buɗe mini cikinsa. Ya ce: "Malam, ciwon bayan na saba da shi. Abin da ke ci mini rai shi ne na zama kaya a gidana. Yara na gona, ni ina nan kwance. Dare ya yi ba barci, gari ya waye ban san abin da zan yi da yinin ba."

Wannan bawan Allah cuta biyu ke damunsa. Ɗaya a baya take, ɗaya a zuciya. Mutanen gidansa ta bayan kawai suke nema wa magani. Irinsa suna da yawa a garuruwanmu, shi ya sa muka ga ya dace mu tattauna batun a wannan shafi.

Mene ne ciwo mai daɗewa?

Ciwo iri biyu ne. Akwai na ɗan lokaci, kamar na wanda ya taka ƙaya, ko wuta ta ƙone shi. Wannan ciwo yana da amfani, domin gargaɗi ne jiki ke yi wa mai shi. Idan rauni ya warke, ciwon ya tafi.

Akwai kuma wanda ya ƙi tafiya. Hukumar Lafiya ta Duniya, wadda ake kira OMS, ta ce duk ciwon da ya wuce wata 3 yana nan, ko yana tafiya yana dawowa, ya zama ciwo mai daɗewa. Tun shekarar 2022 hukumar ta ba shi gurbinsa na kansa cikin kundin sunayen cututtuka da likitocin duniya ke aiki da shi.

Matsalar ba tamu ba ce mu kaɗai. Bisa ƙidayar hukumar, a shekarar 2020 mutum miliyan 619 ne a duniya ke fama da ciwon ƙugu, wato ƙasan baya. Babu wata cuta da ta kai shi hana mutane ayyukansu na yau da kullum.

Daga ina yake zo mana?

A gundumomin Tasawa da Mayahi, yawancinsa daga aikin ƙarfi yake farawa. Manomi yana duƙe da fartanya tun hantsi har azahar. Lokacin kaka yana ɗaukar dammunan hatsi daga gona zuwa rumbu. Ɗan cin rani yana dako ko ga-ruwa a birni, ya dawo gida da ƴan kuɗi da kuma ciwon ƙugu.

Mata kuwa nasu ya fi yawa. Suna jan guga a rijiya mai zurfi. Jarka mai lita 25 nauyinta kilo 25 ne, kuma mace takan ɗauke ta a kai sau da yawa a yini, wani lokaci da goyo ko da ciki. Ga sussuka, ga surfe, ga daka, ga itace daga daji. Masu saƙar tabarma a bakin Gulbin Kaba su ma suna yini zaune a sunkuye. Ga kuma haihuwa kusa da kusa, wadda ba ta barin jiki ya huta.

Wasu cututtuka ma suna kawo shi. Akwai amosanin gaɓɓai da ke kama gwiwa da kwankwaso idan shekaru sun ja. Akwai amosanin jini, wanda ake gado daga uwa da uba. Ciwon suga da kuturta suna taɓa jijiyoyi, mutum ya riƙa jin zafi kamar wuta ko tsira kamar allura a hannu da ƙafa. Tsohuwar karaya da ba ta ɗoru daidai ba ita ma takan bar ciwo.

Wani lokaci likita zai duba, har a ɗauki hoto, ba a ga kome ba. Wannan ba ya nufin mai ciwon ƙarya yake yi. Ga dalili.

Yadda ciwo ke aiki a jiki

Jijiyoyi ne ke ɗaukar saƙo daga wurin da aka ji rauni su kai wa ƙwaƙwalwa. Ƙwaƙwalwa ce ke auna saƙon, ta sa mutum ya ji zafi kaɗan ko da yawa.

Mu ɗauki misalin karen da ke gadin garke. Kare mai kyau yana haushi ne idan ɓarawo ko kura ta zo. Amma karen da ya sha tsorata yakan koma yana haushi ko da ganye ne ya motsa. Haka jijiyoyi suke. Idan sun daɗe suna kai saƙon ciwo, sai su zama masu saurin firgita. Rauni ya warke, amma su ba su daina kuka ba. Zafin da mutum ke ji na gaskiya ne, ko da ido bai ga rauni ba.

Ina ruwan zuciya da ciwon baya?

Idan muka ce zuciya a nan, muna nufin tunani da halin rai, ba tsokar da ke bugawa a ƙirji ba. Hausawa sun ce abin da ya taɓa hanci, ido ruwa yake yi. Masana sun gano cewa sassan ƙwaƙwalwa da ke auna ciwo suna aiki tare da waɗanda ke kula da tsoro da farin ciki da baƙin ciki. Saboda haka abin da ya taɓa ɗaya yakan taɓa ɗayan.

Ga yadda abin ke tafiya. Ciwo ya hana barci. Wanda bai yi barci ba yana tashi da gajiya da saurin fushi, kuma ciwon ya fi yi masa zafi. Sai ya ji tsoron motsi, ya kwanta. Kwanciya mai yawa tana raunana tsoka, gaɓɓai su sandare, ciwo ya ƙaru. Aiki ya tsaya, rumbu ya yi ƙasa, kuɗi sun ƙare a sayen magani, bashi ya hau. Mutum ya fara jin kunyar shiga jama'a. Ya bar zuwa kasuwa, ya bar suna da biki. Ya zauna shi kaɗai da tunani, tunanin kuma ya ƙara hana shi barci.

Ta haka ciwo ke jawo damuwa, damuwa kuma ta ƙara wa ciwo ƙarfi. Kamar guga da igiya suke: inda ɗaya ya faɗa, ɗayan yana biye. Wani lokaci ma damuwar ce ke fara zuwa, sannan ta fito a jiki. Mace takan je gidan likita sau da yawa da ciwon kai, ko nauyin ƙirji, ko ciwon jiki duka, alhali asalin abin baƙin ciki ne da ta rasa wanda za ta gaya wa.

Alamomin ciwon damuwa

Kowa yakan yi baƙin ciki, ya wuce. Amma idan ya zauna kusan kullum har mako 2 ko fiye, yana hana mutum harkokinsa, ya zama cuta. Ana kiranta ciwon damuwa. Ba hauka ba ce, ba ragwanci ba ne, ba kuma ƙarancin imani ba ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2019 kimanin mutum miliyan 280 ke ɗauke da ita. Tana da magani.

Labarin zuciya a tambayi fuska. Ga abin da za a lura da shi:

1. Baƙin ciki ko kuka ba tare da wani sabon dalili ba.
2. Abin da mutum yake so a da, kamar hira ko kiwo ko karatu, ya fita daga ransa.
3. Rashin barci, ko barci fiye da kima.
4. Rashin cin abinci da rama.
5. Kasala ko da bai yi aiki ba.
6. Mantuwa da kasa tsai da hankali wuri ɗaya.
7. Ganin kansa ba shi da amfani, ko ɗora wa kansa laifin kome.
8. Yawan zancen mutuwa, ko cewa gara ya huta.

Alama ta 8 ba abin wasa ba ce. Duk wanda aka ji yana irin wannan magana, kada a yi masa faɗa, kada kuma a bar shi shi kaɗai. A zauna da shi, a tambaye shi a hankali abin da ke ransa. Tambayar ba ta sa mutum ya cuci kansa, sauƙi ma take kawo masa. A kawar da maganin ƙwari na gona da tarin ƙwayoyi daga inda yake, a kai shi gidan likita a ranar.

Hattara da ƙwayoyin kasuwa

Maigidan da na ba ku labarinsa ya nuna mini wasu ƙwayoyi a ƙulle cikin leda. A kasuwa ya saye su, wurin mai talla. Tramol ne.

Tramol magani ne na gaske, amma mai ƙarfi ne, dangin maganin da ke sa maye. Likita ne kaɗai ya kamata ya rubuta shi, na ƴan kwanaki. Ƙwayar da aka saba bayarwa a asibiti miligiram 50 ce. Ta kasuwa kuwa takan kai 200 ko 225, kuma ba wanda ya san abin da aka zuba a ciki. Da farko mutum zai ji ƙarfi, ya yi noma ba gajiya. Daga baya jiki ya saba, ƙwaya ɗaya ba ta isa, sai biyu, sai uku. Ranar da bai sha ba, jiki ya yi ta ciwo, ga zufa, ga ƙunci. Yawansa yana sa faɗuwa da jijjiga kamar farfaɗiya, yana iya tsai da numfashi. A ƙarshen shekarar 2023, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada a yi amfani da wannan dangin magani don ciwon ƙugu mai daɗewa, domin cutarwarsa ta fi amfaninsa.

Wanda ya riga ya saba da tramol kada ya ji kunya, kuma kada ya yanke shi dare ɗaya. Ya je gidan likita a taimake shi ya rage sannu a hankali.

Sauran magungunan ma suna da iyaka. Babban mutum kada ya wuce ƙwaya 8 ta parasitamol mai miligiram 500 a kwana ɗaya, domin yawansa yana lalata hanta. Ibufurofen da dikilofenak suna rage ciwo, amma shansu kullum yana kawo gyambon ciki, yana taɓa ƙoda. Mai ciki, da mai gyambon ciki, da mai hawan jini, kada su sha sai da izinin likita.

Mutanenmu da yawa sukan fara zuwa wurin wanzami a yi ƙaho ko tsaga, wasu wurin mai sassaƙe, wasu su ce iska ce ko sammu. Ba mu zo mu raina kowa ba. Amma askar da aka yi wa wani aiki da ita tana iya ɗauko ciwon hanta ko sida. Kuma duk abin da mutum ya sha, ya gaya wa likita. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Yaushe za a gaggauta zuwa gidan likita?

Yawancin ciwon baya ba shi da haɗari ga rai. Amma idan ya zo tare da ɗaya daga cikin waɗannan, kada a jira:

1. Zazzaɓi, ko zufar dare, ko rama ba dalili.
2. Ƙashin baya ya fara yin doro. Tarin fuka yakan kama ƙashin baya, kuma yana warkewa idan an sha magani har ƙarshe.
3. Ƙafa ta yi rauni ko ta mutu.
4. Fitsari ko bayan gida yana zuwa ba da sanin mutum ba, ko fitsari ya ƙi fita.
5. Jini a fitsari ko a bayan gida.
6. Ƙullutu a nono ko a wani wuri na jiki.
7. Ciwon ya biyo bayan mummunar faɗuwa ko haɗarin mota.

A fara da gidan likita mafi kusa. Idan abin ya fi ƙarfinsu, za su tura mutum asibitin gunduma a Tasawa ko a Mayahi, daga nan kuma zuwa Maraɗi. Asibitin Danja, kusa da Maraɗi, yana kula da masu kuturta da matan da suka samu yoyon fitsari. A Yamai akwai cibiyar ƙasa ta masu amosanin jini.

Idan kun shiga wurin likita, kada ku tsaya ga "bayana ke ciwo". Ku faɗi tun yaushe, da abin da ke tayar da shi, da yadda kuke barci, da halin da ranku ke ciki. Wanda ya iya rubutu ya rubuta waɗannan a takarda tun daga gida. Akwai magani, kamar amitiriptilin, da ke taimaka wa ciwon jijiya da ciwon damuwa gaba ɗaya. Likita ne ke rubuta shi. Yakan ɗauki makonni kafin a ji amfaninsa, saboda haka kada a bar shi don an sha kwana 3 ba a ga canji ba.

Abin da mai ciwo zai yi da kansa

Gaskiya ita ce, wani ciwon ba ya tafiya ɗungum. Amma ana iya rage shi har mutum ya koma cikin harkokinsa.

Na farko, a motsa jiki. Kwanciya ta wuce kwana ɗaya ko biyu ba ta gyara baya. A fara da tafiya kaɗan, daga gida zuwa masallaci ko bakin rijiya. Bayan ƴan kwanaki a ƙara nisa. Ɗan zafin da ake ji wajen motsi ba ya nufin wani abu ya karye. Sannu ba ta hana zuwa.

Na biyu, a raba aiki. Ranar da aka ji sauƙi kada a yi aikin kwana uku, domin gobe sai a kwanta. A yi kaɗan, a huta, a koma. Wanda duƙawa ke wahalar da shi ya gwada haiwa, hauyar nan mai doguwar ƙota da ake noma da ita a tsaye, inda ƙasa take da yashi. Wajen ɗaukar kaya a lanƙwasa gwiwa, a jawo kayan kusa da jiki. Jarka biyu ƙanana sun fi babba ɗaya sauƙi.

Na uku, a gyara barci. A bar shayi mai ƙarfi da goro daga la'asar. A riƙa kwanciya da tashi a lokaci guda. Gashi da ruwan ɗumi da tausa mai sauƙi suna sassauta tsoka. Idan tunani ya taso da dare, a ja numfashi a hankali ta hanci, a sake shi a hankali, kamar sau 10.

Na huɗu, kada a bar jama'a. Ko ba a iya daɗewa, a fita majalisa, a je aji, a je gaisuwa. A samu mutum ɗaya amintacce da za a riƙa gaya wa abin da ke rai. Haƙuri da addu'a suna ƙarfafa zuciya, kuma ba su hana neman magani ba.

Aikin iyali da maƙwabta

Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Idan matarka ta ce wuyanta da bayanta na ciwo, kada ka ce ragwanci ne. Idan akwai jaki ko amalanke, a ba yara su ɗebo ruwa. Idan akwai injin niƙa a gari, kuɗin niƙa ya fi kuɗin magani sauƙi. Itatuwan da muke bari a gona ta hanyar sassaben zamani suna rage wa mata doguwar tafiya neman itace.

Kada kuma tausayi ya sa a karɓe wa mai ciwo kome da kome. Wanda aka hana shi kowane aiki zai ga kamar ba a bukatarsa. A bar masa abin da zai iya: kiwon tumaki a gida, tufkar igiya, zaɓen iri, lura da jikoki. A riƙa neman shawararsa a kan gona da aure da sauran al'amuran gida.

Muna da hanyoyin taimakon juna tun kaka da kakanni. Gayya tana nome gonar wanda ya kasa. Ƙungiyoyin Mata Masu Dubara, waɗanda aka fara a jihar nan ta Maraɗi a shekarar 1991, suna tara mata kowane mako. Ban da asusu, zaman kansa magani ne, domin a nan mace ke samun wadda za ta saurare ta. Idan wata ta yi mako biyu ba ta zo ba, a tura mata biyu su dubo ta. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Yadda ta kasance da maigidan nan

Ɗansa ya kai shi gidan likita. Aka duba shi, ba a sami wata cuta mai haɗari ba. Aka taimake shi ya rabu da tramol cikin makonni, aka ba shi maganin da ya dace. Da damina ta faɗi, ƴan ajinsu suka yi masa gayya. Suka kuma ba shi riƙon littafin bankin hatsi na ƙauyen, tun da ya fi kowa lissafi.

Da na koma bana, na same shi a aji, zaune a kan kujera, ya jingina da bango. Na ce: "Maigida, yaya bayan?" Ya yi murmushi ya ce: "Yana nan, Malam, bai tafi ba. Amma yanzu ina barci, kuma da safe akwai masu jirana."

Ƴan'uwa, ku karanta wa waɗanda ba su iya karatu ba wannan shafi. A aji kuma ku tattauna waɗannan tambayoyi tare da malaminku:

1. Wata nawa ciwo zai yi kafin a kira shi mai daɗewa?
2. Waɗanne alamomi ne ke nuna damuwa ta zama cuta?
3. Wa muka daina gani a majalisa ko a taron mata, kuma wa zai je ya dubo shi a wannan mako?

Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya ba mu damina mai albarka.